Ryukyu Golden Kings: Yadda ƙungiyar tsibirin Okinawa ta sauya ƙwallon kwandon Japan

Daga kakar wasa ta 2026-27, gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Japan, wadda ake kira B.League, za ta shiga wani sabon tsari da ya saɓa wa abin da masu bin wasanni suka saba gani. Babban rukunin gasar, mai suna B.Premier, ba zai ƙara karɓar ƙungiya don kawai ta yi nasara a fili ba, haka kuma ba zai kori wadda ta zo ta ƙarshe ba. Sharuɗɗan shiga uku ne: ƙungiya ta riƙa tara aƙalla 'yan kallo 4,000 a kowane wasan gida, ta riƙa samun kuɗin shiga na yen biliyan 1.2 a shekara, sannan ta kasance tana da zauren wasa na zamani mai ɗaukar mutum 5,000.

Duk wanda ya san tarihin ƙungiyar Ryukyu Golden Kings zai gane inda aka samo wannan ma'auni. Ƙungiyar, wadda ke tsibirin Okinawa a can ƙuryar kudancin ƙasar, tana cikin na farko da suka nuna cewa ƙwallon kwando zai iya ciyar da kansa a Japan ta hanyar tikiti da zaure da goyon bayan mutanen gari. Abin tambaya a yanzu shi ne ko tsarin da aka gina a kan nasararta zai bar wa wata ƙaramar ƙungiya hanyar da ita ta bi.

Zamanin ƙungiyoyin kamfanoni

Tun daga 1967 da aka kafa gasar ƙasa, ƙwallon kwandon Japan yana hannun manyan kamfanoni ne. Toyota da Toshiba da Hitachi da Mitsubishi Electric da Matsushita, kowannensu na da ƙungiyarsa. 'Yan wasa ma'aikatan kamfani ne, suna karɓar albashi kamar kowane ma'aikaci, kuma idan ƙarfi ya ƙare sai su koma ofis ko masana'anta. Manufar ƙungiyar ita ce ta ƙarfafa zumunci tsakanin ma'aikata, ta kuma ɗaukaka sunan kamfani. Ko zaure ya cika ko bai cika ba, kamfani zai biya kuɗin tafiya da na masauki.

Tsarin na da daɗi muddin kamfani na cin riba. Da tattalin arzikin Japan ya shiga mawuyacin hali a shekarun 1990, sai kamfanoni suka fara zubar da duk wani nauyi da ba ya kawo kuɗi, kuma ƙungiyoyin wasa na cikin na farko da abin ya shafa. Kamfanin motoci na Isuzu, wanda ƙungiyarsa ta mamaye gasar a ƙarshen shekarun 1990, ya janye a 2002. Panasonic ya bi sahu a 2013. Da yake ba a taɓa neman mutanen gari su ɗauki ƙungiyoyin a matsayin nasu ba, babu wanda ya tashi ya cece su. Mai abu ya ɗauke abinsa, magana ta ƙare.

A 2005 wasu ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa gasarsu mai zaman kanta, bj-league, da ƙungiyoyi shida kacal. Kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta, ta dogara da tikiti da tallace-tallacen 'yan kasuwar yankinta. Hukumar ƙwallon kwando ta Japan ba ta yi maraba da wannan yunƙuri ba, kuma an shafe shekaru ba a gayyatar 'yan wasan sabuwar gasar zuwa tawagar ƙasa. Ta haka ƙasa ɗaya ta wayi gari da manyan gasa biyu, kowace da dokokinta da zakaranta.

Me ya sa Okinawa?

A wannan sabuwar gasa ce Ryukyu Golden Kings ta fara wasa a kakar 2007-08. Wanda ya jagoranci kafa ta, Tatsuro Kimura, mutumin Tokyo ne da ya yi karatu a Amurka, ya kuma ga yadda ake tafiyar da ƙwallon kwando a can a matsayin kasuwanci. A idon mai neman riba, Okinawa ba wurin zuba jari ba ne. Yawan jama'arta bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin kuɗin shiga a cikin jihohin Japan 47, ba ta da manyan masana'antu, kuma tana da nisan kusan kilomita 1,500 daga Tokyo. Duk wasan waje sai an hau jirgin sama.

Sai dai tsibirin na da abin da kuɗi ba sa saya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Okinawa ta kasance ƙarƙashin mulkin Amurka har zuwa 15 ga Mayun 1972. A tsawon waɗannan shekaru da bayansu, ƙwallon kwando ya shiga rayuwar mutane ta sansanonin soja da filayen unguwa da tashar talabijin ta sojojin Amurka, wadda ke nuna wasannin NBA tun kafin sauran Japanawa su saba da su. Makarantun tsibirin suka yi suna da salon wasa mai sauri, irin wanda gajerun 'yan wasa ke rama rashin tsawo da shi. A 1978 makarantar sakandaren Hentona, da ke wani ƙauye a arewacin tsibirin, ta zo ta uku a gasar makarantu ta ƙasa da wannan salo. Ba a banza ba ne Takehiko Inoue, marubucin shahararren labarin nan mai zane na Slam Dunk, ya sa Ryota Miyagi, jarumin fim ɗinsa na 2022, ya zama ɗan Okinawa.

Sunan ƙungiyar ma da manufa aka zaɓe shi. Ryukyu masarauta ce mai cin gashin kanta da ta wanzu daga 1429 har zuwa 1879, lokacin da Japan ta haɗe ta ta mayar da ita jihar Okinawa. Ga mutanen da suka daɗe suna ganin ana yanke musu hukunci daga Tokyo ko Washington, ƙungiya mai ɗauke da sunan tsohuwar masarautarsu abin alfahari ce.

Kakar farko ta zo da ɗaci, domin ƙungiyar ce ta zo ta ƙarshe a rukuninta na yamma. Da a tsarin da ake saukar da na ƙarshe ne, da wataƙila labarin ya tsaya a nan. Amma bj-league ba ta saukar da kowa. Shugabannin ƙungiyar suka miƙa ragamar horaswa ga matashin koci Dai Oketani, suka ɗauko Jeff Newton daga Osaka Evessa, wadda ta lashe kofuna uku na farko na gasar. A kaka ta biyu, 2008-09, Golden Kings ta doke Tokyo Apache a wasan ƙarshe, ƙungiyar da Joe Bryant, mahaifin Kobe Bryant, ke horaswa. Ta sake lashe kofin a 2012 da 2014 da 2016. Kofuna huɗu ke nan, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta a tarihin bj-league.

Takunkumin FIBA

Yayin da Golden Kings ke tara kofuna, rikicin gasa biyu ya ci gaba da ruruwa. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sha gargaɗin Japan da ta haɗe gasar kamfanoni, wadda a lokacin ake kira NBL, da bj-league. Kamfanoni ba sa son a cire sunayensu daga ƙungiyoyinsu, ƙungiyoyin garuruwa kuma ba sa son komawa ƙarƙashin waɗanda suka guje wa. A watan Nuwamban 2014 FIBA ta dakatar da Japan daga duk wata gasar ƙasa da ƙasa.

Hukuncin ya yi zafi domin ya zo ne shekara guda bayan an bai wa Tokyo damar karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2020. Ya kuma faɗa kan waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba: tawagar mata, wadda ke riƙe da kofin Asiya, ta shiga haɗarin rasa damar zuwa Olamfik na Rio saboda rikicin gasar maza. Masu bin ƙwallon kwando a Najeriya sun san irin wannan asara. A 2022, sakamakon rikicin shugabanci a hukumar ƙasar, gwamnati ta janye Najeriya daga gasannin duniya, kuma ko da ta janye matakin bayan 'yan makonni, FIBA ta riga ta bai wa Mali gurbin D'Tigress a gasar cin kofin duniya ta mata.

A Japan, FIBA ta kafa kwamitin gyara ta kuma ɗora Saburo Kawabuchi a kai, mutumin da ya jagoranci kafa gasar ƙwallon ƙafa ta J.League a farkon shekarun 1990. Kawabuchi bai tsaya sasanci na rabin hanya ba. Ya ce duk ƙungiyar da ke son shiga babban rukuni sai ta zama kamfani mai zaman kansa, ta ɗauki sunan gari, ta kuma samu zaure mai ɗaukar mutum 5,000. A watan Agustan 2015 aka ɗage takunkumin, kuma wata guda bayan haka tawagar mata ta sake lashe kofin Asiya ta samu tikitin Rio.

Ranar 22 ga Satumban 2016 aka buɗe B.League a zauren Yoyogi da ke Tokyo. Wasan farko ya haɗa Alvark Tokyo, ƙungiyar Toyota, da Ryukyu Golden Kings, zakarar bj-league. An tallata wasan a matsayin karawa tsakanin 'yan gata da ciyawar da ta tsiro da kanta. Alvark ta yi nasara da maki 80 da 75, kuma shekarun da suka biyo baya sun tabbatar da cewa tazarar ta gaske ce. Duk kofunan farko na B.League sun tafi ne ga ƙungiyoyin da suka shigo daga NBL, kuma dukkansu na yankin da ke kewaye da Tokyo ne: Tochigi Brex a 2017, Alvark a 2018 da 2019, Chiba Jets a 2021.

Zauren da ya sauya lissafi

Abin da ya cike wannan tazara gini ne. Kafin 2021, Golden Kings na wasa ne a zaurukan motsa jiki na ƙananan hukumomi, waɗanda ba su wuce ɗaukar 'yan dubbai ba. Irin waɗannan zauruka an gina su ne domin ɗalibai da mazauna unguwa su motsa jiki, kuma a da yawa daga cikinsu sai an cire takalmi kafin a shiga, ba a kuma yarda a ci abinci a ciki ba. Ƙungiya na iya cika irin wannan wuri kowane mako, amma kuɗin da za ta samu yana da iyakar da ba zai wuce ba.

A 2014 Sachio Kuwae ya ci zaɓen magajin birnin Okinawa da alƙawarin gina zaure mai ɗaukar mutum 10,000. A 2021 aka buɗe Okinawa Arena a wurin da a da ake karon bijimai, wasan gargajiya na tsibirin. A wasan ƙwallon kwando yana ɗaukar kimanin mutum 8,000. An tsara shi ne domin ɗan kallo: kujeru sun gangaro kusa da fili, ga katafaren allon bidiyo a sama, ga wuraren sayar da abinci, ga ɗakunan alfarma da kamfanoni ke haya. Kamfanin da ke tafiyar da zauren na da alaƙa da ƙungiyar, saboda haka ita ke tsara yadda ranar wasa za ta kasance tun daga bakin ƙofa.

Sakamakon bai ɓata lokaci ba. A kakar 2023-24 matsakaicin 'yan kallon kowane wasan gida ya haura 7,000, kuma ƙungiyar ta zama kan gaba a kuɗin tikiti a faɗin gasar. Kuɗin tikiti ya fi kuɗin uban gida ɗaya aminci, domin dubban mutane ba sa janyewa rana guda kamar yadda hukumar gudanarwar kamfani ke iya yi. Da wannan kuɗi ƙungiyar ta riƙe 'yan wasa irin su Ryuichi Kishimoto, ɗan garin Nago da ya daɗe yana buga mata wasa, da Jack Cooley, ta kuma dawo da koci Oketani a 2021.

Daga 2022 zuwa 2025 Golden Kings ta kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere. A 2022 Utsunomiya Brex ta doke ta. A watan Mayun 2023 ta doke Chiba Jets a wasanni biyu a Yokohama, na farko da maki 96 da 93 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, na biyu da 88 da 73. Ita ce ta farko da ta ɗaga kofin a cikin ƙungiyoyin da suka shigo B.League kai-tsaye daga bj-league. A 2024 ta sha kaye a hannun Hiroshima Dragonflies, a 2025 kuma Utsunomiya ta sake doke ta. Amma a watan Maris na 2025 ta lashe Kofin Sarkin Japan karo na farko, kuma wadda ta doke a wasan ƙarshe ita ce Alvark Tokyo, abokiyar karawarta a daren buɗe gasar.

Zauren ya amfani ƙasar baki ɗaya. A 2023 Okinawa ta karɓi wani ɓangare na gasar cin kofin duniya, wadda Japan ta shirya tare da Filifin da Indonesiya. A gaban 'yan kallon Okinawa, masu fito da yatsa a baki kamar yadda al'adarsu take, tawagar Japan ƙarƙashin koci Tom Hovasse ta doke Finland da Venezuela da Cape Verde. Hakan ya ba ta tikitin Olamfik na Paris, karo na farko da tawagar maza ta samu gurbi da guminta tun 1976. Shekara tara kacal ke tsakanin takunkumin FIBA da wannan dare.

Wa ya biya kuɗin?

Akwai wani ɓangare na labarin da masu yabon ƙungiyar ba su cika ambata ba. Golden Kings ba ita ta gina zauren ba. Mallakar birnin Okinawa ne, kuma kaso mai tsoka na kuɗin gininsa ya fito ne daga tallafin gwamnatin tsakiya, ciki har da na ma'aikatar tsaro. Jihar Okinawa ba ta wuce kashi 0.6 cikin 100 na faɗin ƙasar Japan ba, amma tana ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na filayen da aka keɓe wa sojojin Amurka kaɗai, kuma birnin Okinawa na maƙwabtaka da babban sansanin jiragen yaƙi na Kadena. Irin wannan tallafi na zuwa ne ga garuruwan da ke ɗauke da nauyin sansanonin.

Ma'ana, ƙungiyar da ake buga misali da ita wajen dogaro da kai ta tsaya ne a kan ƙafa biyu: ƙwazon shugabanninta da magoya bayanta, da kuma wani yanayin siyasa da ba kowane gari ke da shi ba. Garin da ba shi da sansanin soja, ba shi kuma da attajirin kamfani, dole ya nemi wata hanyar. Shi ya sa a sauran wurare manyan kamfanoni ne suka sake dawowa ta wata ƙofar. Kamfanin Mixi ne ke da Chiba Jets, kuma shi da Mitsui Fudosan suka gina mata sabon zaure da aka buɗe a 2024. DeNA ya karɓi Kawasaki Brave Thunders daga Toshiba a 2018. Toyota ya gina wa Alvark zaurenta a Tokyo. Bambancin da ke akwai shi ne yanzu kamfanonin na zuwa ne neman riba, amma ikon yanke hukunci ya sake komawa hannun masu hannu da shuni.

Hujjojin ɓangarori biyu

Shugaban B.League, Shinji Shimada, wanda ya taɓa jagorantar Chiba Jets, shi ne ke kan gaba wajen kare sabon tsarin. Hujjar ɓangarensa ita ce babu gari ko kamfanin da zai zuba biliyoyi a ginin zaure alhali yana tsoron ƙungiyarsa za ta faɗa rukunin ƙasa a kaka mai zuwa. Tsoron faɗuwa na sa ƙungiyoyi su kwashe duk abin da suke da shi su zuba a albashin 'yan wasa, su bar ma'aikatan ofis da horar da yara da kula da 'yan kallo. Domin hana masu kuɗi danne sauran, tsarin ya ƙayyade jimillar albashin kowace ƙungiya a yen miliyan 800, ya kuma kawo zaɓen sababbin 'yan wasa bi-da-bi irin na NBA. Tarihin Golden Kings na goyon bayansu a nan, tunda rashin saukar da na ƙarshe ne ya ba ta damar tashi bayan kakarta ta farko.

Masu suka kuma na da tasu hujjar, kuma ita ma daga tarihin ƙungiyar take. A 2007 Golden Kings ta shiga babbar gasa ba ta da zaure, ba ta da biliyoyi, ba ta da komai sai alƙawari da magoya baya. Ta shafe shekara goma sha huɗu tana gina jama'arta kafin zauren ya zo, kuma nasarorin da ta samu a fili ne suka sa ginin ya zama abin da ɗan siyasa zai yi kamfe da shi. Sabon tsarin ya juya jerin: sai an kawo zaure da kuɗi tukuna, sannan a ba ka wurin da za ka nuna bajinta. Da da wannan ma'auni aka auna ta a shekarunta na farko, da ba ta wuce bakin ƙofa ba. Suna kuma nuna Hiroshima Dragonflies, wadda ta fara B.League a rukuni na biyu, ta hau a 2020, ta lashe kofi a 2024. Irin wannan labari ne ke sa yaro a ƙaramin gari ya yarda cewa ƙungiyarsu za ta iya kaiwa, kuma shi ne sabon tsarin ya miƙa wa masu binciken littattafan kuɗi.

Ga ita kanta Golden Kings, gurbinta a B.Premier ba abin shakka ba ne, domin ta zarce duk sharuɗɗan. Amma ƙayyade albashi zai rage mata fifikon da cikar zaurenta ya ba ta, tunda ba za ta iya kashe duk abin da take samu a kan 'yan wasa ba. Za ta koma dogaro da abin da ta fara da shi, wato iya zaɓen 'yan wasa da iya horaswa da renon yaran tsibirin.

Ba a rufe ƙofar B.Premier ɗungurungum ba, domin ƙungiyoyin rukunin ƙasa za su iya neman shiga duk lokacin da suka cika sharuɗɗa. A nan ne za a auna gaskiyar tsarin. Idan cikin shekaru goma masu zuwa aka ga wata ƙungiya daga ƙaramin gari, marar uban gida, ta tara jama'arta har ta shigo, to Shimada da mutanensa sun yi daidai. Idan kuwa duk sababbin shigowa na manyan kamfanoni ne, to Japan ta koma inda ta baro a 2005, sai dai a wannan karon cikin zauruka masu ƙyalli.